Sharhi kan fom ɗin PHQ-9 a asibitocin Kano: takardar kyauta ce, kuskurenta ne mai tsada

Shafi ɗaya ne, tambayoyi tara, ana gama cika shi kafin shayi ya huce. PHQ-9 fom ne na tantance ciwon damuwa, wanda Kurt Kroenke da Robert Spitzer da Janet Williams suka wallafa sakamakon gwajinsa a Amurka a 2001. Kamfanin magunguna na Pfizer ne ya ɗauki nauyin aikin, kuma an sake shi ga kowa: ba a neman izini kafin a kwafe shi, a fassara shi ko a rarraba shi. Shi ya sa duk mai ƙaramin asibiti a Kano, ko mai makaranta, ko ƙungiyar da ke aikin lafiya a unguwanni, zai iya sauke shi daga intanet ya kai shagon hoto a buga masa ɗari. Wannan sharhi na masu niyyar yin hakan ne. Hukuncinmu a taƙaice shi ne fom ɗin yana da kyau, amma yadda aka saba amfani da shi, wato a tara maki a ce duk wanda ya kai 10 yana da ciwo, yana iya jawo asarar da ta fi ta rashin amfani da shi kwata-kwata.

Tambayoyin duk a kan mako biyun da suka wuce suke. Ana tambayar rashin sha'awar abubuwan da mutum ya saba jin daɗinsu, baƙin ciki da yanke ƙauna, matsalar barci, gajiya, rashin cin abinci ko yawan ci, ganin kai a matsayin wanda ya gaza ko ya kunyata iyalinsa, kasa tattara hankali, nauyin jiki wajen motsi da magana ko kasa zama wuri guda, sai ta tara, tunanin gara mutum ya mutu ko ya cutar da kansa. Kowace tambaya makinta daga 0 zuwa 3 ne, jimilla 27. Daga 5 zuwa 9 ana cewa alamun masu sauƙi ne, 10 zuwa 14 matsakaita, 15 zuwa 19 sun fara tsanani, 20 zuwa sama masu tsanani. Akwai tambaya ta goma a ƙasa wadda ba a ba ta maki, tana tambayar yadda waɗannan abubuwa suka hana mutum aikinsa da hidimar gida da zama da jama'a. Masu buga kwafi sukan yanke ta don ta ɗauki wuri. Kada a yarda, ita ce mafi amfani ga likitan da zai duba takardar daga baya.

Abin yabo a fom ɗin a bayyane yake. Ba ya buƙatar na'ura ko wuta, ma'aikacin lafiya na matakin farko zai iya koyonsa a zama ɗaya, kuma yana tilasta a yi tambayoyin da a layin asibiti ba wanda ke yi. Mace ta zo sau huɗu a wata da ciwon kai da faɗuwar gaba da rashin barci, kowane zuwa a rubuta mata maganin maleriya da farasitamol. Fom ɗin nan ne zai sa wani ya tsaya ya tambaye ta rabon da ta ji daɗin wani abu. An kuma gwada shi a ƙasar nan, domin a 2006 Adewuya da abokan aikinsa sun wallafa gwajinsa a kan ɗaliban jami'a a kudu maso yamma, ya kuma yi aiki. Sai dai ɗalibin jami'a mai cika fom da kansa daban, dattijuwar da ake karanta wa tambaya a gaban surukarta daban.

To, gejin nan na 10. A gwajin farko an ba marasa lafiya 6,000 fom ɗin, sannan ƙwararru suka yi wa 580 daga cikinsu tambayoyi ta waya don a kwatanta. Aka samu cewa a gejin 10 fom ɗin yana kama 88 cikin kowane 100 masu ciwon, yana kuma sakin 88 cikin kowane 100 da ba su da shi. Wani babban nazari na 2019 da ya haɗa bayanan bincike da yawa ya samu kusan haka, 88 wajen kamawa, 85 wajen saki. Mai jin waɗannan alƙaluma sai ya ɗauka cewa idan fom ya ce mutum yana da ciwo, to kashi 88 cikin 100 gaskiya ne. Nan kuskuren yake, kuma ba ƙananan ma'aikata kaɗai ke faɗawa ba. Paul Meehl da Albert Rosen sun yi gargaɗi a kan wannan tun 1955: amfanin gwaji ya dogara ne da yawan masu matsalar a cikin mutanen da ake gwadawa.

A yi lissafin a fili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan kashi 5 cikin 100 na manyan mutane a duniya suna fama da ciwon damuwa. Mu ɗauka haka abin yake a cikin mutum 1,000 da suka zo asibiti da larurori daban-daban. Masu ciwon 50 ke nan. Fom zai kama 44, shida su kuɓuce. Sauran 950 lafiyarsu ƙalau ta wannan fuska, amma fom zai yi kuskure a kan 12 cikin kowane 100, wato mutum 114. Waɗanda suka haura geji sun zama 158, kuma 44 ne kaɗai a cikinsu masu ciwon da gaske. Kashi 28 cikin 100 ke nan. A duk mutum huɗu da fom ya nuna, kusan uku ba su da ciwon. A ɗaya ɓangaren kuwa labarin mai daɗi ne: cikin 842 da ya saki, 836 daidai ya yi. Fom ɗin ya fi iya cewa babu a kan cewa akwai.

Yanzu a sauya wuri, a bar fom ɗin yadda yake. Mu ɗauka wani ɗaki ne da ake turo mutanen da likita ya riga ya yi zargi a kansu, inda 300 cikin 1,000 ke da ciwon. Fom zai kama 264, ya bar 36, ya yi kuskure a kan 84. Yanzu kashi 76 cikin 100 na waɗanda ya nuna suna da ciwon. Takarda ɗaya, geji ɗaya, amma maki 11 a bakin ƙofar asibiti da maki 11 a sashen masu larurar ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano ba abu ɗaya suke nufi ba.

Daga nan ne ilimin auna shawara yake shigowa, kuma tambayarsa ba ta wuce wadda ɗan kasuwar hatsi yake yi wa kansa ba idan zai zaɓi rariya. Mai ƙananan idanu za ta tare tsakuwa amma ta riƙe hatsi mai kyau da yawa, mai manyan idanu za ta saki hatsin tare da tsakuwar. Wacce asara ce ta fi ciwo? Kuskure iri biyu ne a nan: a kama mai lafiya, ko mai ciwo ya kuɓuce. Sauke geji yana rage na biyu ya ƙara na farko, ɗaga shi yana yin akasin haka, babu gejin da zai kawar da duka biyun. Lambar 10 an zaɓe ta ne don a wurin ne ƙarfin kamawa da ƙarfin saki suka yi kusan kunnen doki, wato kamar an ɗauka kuskuren biyu nauyinsu ɗaya. Wa ya ce nauyinsu ɗaya ne a Kano?

Hanyar lissafin ba ta da wuya. A ba kama mai lafiya nauyi 1, sannan a tambayi kai sau nawa kuɓucewar mai ciwo ya ninka shi. Idan aka ce sau 9, a misalinmu na farko asarar amfani da fom ita ce 6 sau 9, a haɗa da 114, ya ba da 168. Asarar rashin tantancewa gaba ɗaya ita ce 50 sau 9, wato 450. Fom ya ci riba ƙwarai. Idan kuwa aka ce sau 2 ne kawai, asarar fom ta zama 12 da 114, wato 126, ta rashin tantancewa kuwa 100. Fom ya faɗi. Inda suke yin daidai shi ne 114 a raba da 44, kusan 2.6. Ma'ana, a inda masu ciwon suke kashi 5, sai kuɓucewar mai ciwo ɗaya ta fi kama masu lafiya biyu da rabi muni sannan fom ɗin zai biya kuɗin takardarsa. Stephen Pauker da Jerome Kassirer sun tsara wa likitoci wannan tunani tun shekarun 1970 zuwa 1980, da ƙa'ida mai sauƙi: a raba nauyin kamun kuskure da jimillar nauyin biyu. A 1 da 9 amsar kashi 10 ce, don haka duk wanda yiwuwar ciwonsa ta haura kashi 10 a ɗauki mataki a kansa. A 1 da 1 amsar kashi 50 ce, kuma kashi 28 ɗin da fom ya ba mu bai kai ba.

Abin da ake yawan tsallakewa shi ne nauyin nan ba daga fom yake fitowa ba, daga matakin da za a ɗauka bayansa yake fitowa. Idan matakin shi ne nas ta ja mutum gefe su yi hirar minti ashirin, kama mai lafiya ba komai ba ne illa ɓata ɗan lokaci, ana iya ma sauke geji ƙasa da 10. Idan matakin shi ne a rubuta magani nan take, lissafin ya juye. Amitiriftilin, wani maganin ciwon damuwa, yana da araha kuma ana samunsa ko'ina, amma yana sa barci da bushewar baki da jiri, yana taɓa bugun zuciya, kuma shan sa da yawa lokaci guda yana kisa. Ga kuma masu ciwon ƙwaƙwalwar da ke kai mutum sama cikin zumuɗi fiye da kima sannan ya dawo da shi ƙasa cikin damuwa, waɗanda a lokacin saukarsu makinsu zai yi yawa a fom ɗin, alhali maganin damuwa shi kaɗai yana iya tunzura su zuwa ɗaya gefen. PHQ-9 ba shi da tambaya ko ɗaya da za ta bambance su. Idan kuma matakin shi ne a rubuta takardar turawa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, duk Bakano ya san me kalmar take ɗauke da shi. "A kai shi Dawanau" zagi ne a bakin yara tun kafin su san asibiti ne mai likitoci da magani. Budurwar da aka ga wannan takarda a jakarta, maganar aurenta na iya tsayawa. Wannan ba ya cikin littafin koyarwa na Amurka, amma yana cikin nauyin kuskuren, kuma dole mai asibiti ya sa shi a ma'auni.

Akwai wani zato da lissafin can ya ɓoye, cewa duk mai ciwon da aka kama ya samu kulawa. Idan rabin waɗanda aka tura ne kawai suka je, saboda kuɗin mota, ko maigida bai ba da izini ba, ko an karkata wajen mai ruƙiyya an tsaya can, to ribar ta koma 22 maimakon 44, su kuwa 114 ɗin nan suna nan daram. Ma'aunin ya tashi daga 2.6 zuwa 5.2. Idan babu inda za a tura kowa, ribar sifili ce, saura asara zalla. Haka nan batun ƙarancin ma'aikata. Asibitin da ke ganin mutum 60 a rana zai samu tara ko goma da suka haura geji, hirar minti ashirin da kowannensu ta haura awa uku. Wanda ba shi da ma'aikacin da zai ware wa awa ukun nan, gara ya taƙaita fom ɗin ga waɗanda suka fi haɗari: masu ciwon suga da hawan jini da suka daina shan magani, masu sikila, masu tarin fuka, masu yawan dawowa da ƙorafin da gwaji bai nuna komai a kai ba. A cikinsu yawan masu ciwon ya fi, don haka kowane maki 10 ya fi ma'ana. Wata hanyar rage aiki ita ce a fara da tambayoyi biyun farko kaɗai, waɗanda ake kira PHQ-2. Wanda ya samu 3 zuwa sama cikin 6, sai a ƙarasa masa sauran.

Babban aibin fom ɗin a wurinmu shi ne tambayoyin jiki. Barci, gajiya da cin abinci, idan kowanne ya samu 3, maki 9 ke nan tun ba a taɓa zuciya ba. Ƙara maki ɗaya na kasa tattara hankali, an kai geji. Wanda ya tashi daga maleriya ko taifot zai ba da wannan amsa. Mai ƙarancin jini haka, mai ciki wata takwas haka. A watan Afrilu, ga zafi ga rashin wuta, rabin unguwa ba ta barci. A goman ƙarshe na azumi kuwa, mai tashi tahajjud ya zarce sahur sannan ya fita kasuwa, in ya faɗi gaskiya a kan barcinsa da cinsa da gajiyarsa, fom zai kama shi. Matar da ke takaba a watanta na farko ma za ta haura geji, kuma baƙin cikinta na rashi ne, ba lallai ciwo ba. Maganin wannan shi ne kada a tsaya a jimilla. A duba daga ina makin ya fito. Idan tambayoyi biyun farko duk sifili ne ko ɗaya, makin ya taru ne daga jiki, a nemi dalilin a jiki tukuna, a auna jini, a sake fom ɗin bayan mako biyu.

Ta ɗaya gefen kuma akwai masu kuɓucewa saboda tarbiyya. An koya mana ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ka tambayi dattijo ko yana jin yanke ƙauna, zai ce maka alhamdulillahi, mumini ba ya yanke ƙauna daga rahamar Allah, kuma ya amsa daidai gwargwadon yadda ya ji tambayar. Fassara tana da hannu a nan. Kalmar damuwa a bakinmu ta haɗa tunanin kuɗin makaranta da ciwon da ke kwantar da mutum. Idan kowane ma'aikaci yana fassarawa da ka daga Turanci yadda ta zo masa, to ba fom ɗaya ake amfani da shi ba, kuma alƙaluman 88 ɗin can ba su shafe shi ba. A zauna a rubuta fassara guda, wani daban ya mayar da ita Turanci a gani ko ma'ana ta kauce, a gwada ta a kan mutum goma, sannan kowa ya karanta ita kaɗai. Misalin karanta jarida da ke tambaya ta bakwai a sauya shi da abin da mutum ya sani, kamar sauraron rediyo, lissafin ciniki ko riƙe adadin raka'o'i. Zaɓin amsoshin ma yana rikita mutane, musamman bambancin "wasu kwanaki" da "fiye da rabin kwanakin". Gara a nemi adadi: "Hajiya, cikin kwana goma sha huɗun nan, kwana nawa kika ji haka?" Sifili ko ɗaya maki 0, biyu zuwa shida maki 1, bakwai zuwa sha ɗaya maki 2, sha biyu zuwa sha huɗu maki 3. Kuma a yi shi ba miji, ba uwar miji, ba 'yar rakiya a ɗakin. Ana iya cewa, "Baba, a ɗan ba mu wuri za mu duba ta," ba wanda zai ji haushi.

Tambaya ta tara ba ta shiga wannan ciniki na geji. A nan kuɓucewar mutum ɗaya rai ne, kamun kuskure kuwa hirar minti goma ce, don haka duk amsar da ba sifili ba a bi ta a ranar, ko da jimillar maki 4 ce. A tambaya kai tsaye, cikin natsuwa, ba wa'azi: tun yaushe, ko akwai shiri, ko akwai abin da aka tanada, ko an taɓa gwadawa. Yin tambayar ba ya cusa wa mutum tunanin. Idan akwai shiri, ba a barin sa shi kaɗai, a sa wani na jikinsa da ya yarda da shi ya kawar da fiya-fiya da maganin ƙwari da tarin ƙwayoyi daga ɗaki, a haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa a ranar. A kuma tuna sifili a wannan tambaya ba shi da ƙarfin sifili a sauran. Addini ya haramta, dokar hukunta laifuka ta Arewa, wato Final Kod, ta daɗe tana lissafa yunƙurin kashe kai cikin laifuka, mutane da yawa za su ce a'a ko da e ce a zuci.

Inda ba mu ba da shawarar fom ɗin ko kaɗan ba shi ne ɗaukar aiki, shiga makaranta da binciken aure. Tun da gwamnatin jiha ta sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, mutane sun saba da takardar gwaji mai amsa a yanke, AA ko AS ko SS. PHQ-9 ba irin wannan ba ne, hoton mako biyu ne na abin da mutum ya yarda ya faɗa. Masana'antar da ke Sharaɗa ko Bompai da ta ce za ta tace masu neman aiki 1,000 da shi, a lissafinmu na sama za ta kori mutum 114 da ba su da komai, ban da zaluncin korar 44 ɗin da ciwonsu yana jin magani. Sannan da zarar an gane amsa tana hana aiki, kowa zai cika sifili daga sama har ƙasa, waɗanda za a kama su ne masu gaskiya kawai.

Ga masu jego, fom ɗin Edinbura na John Cox da abokan aikinsa, na 1987, ya fi dacewa. Tambayoyi goma ne a kan kwana bakwai, maki 30, kuma da gangan aka cire gajiya da cin abinci daga ciki, tun da babu mai shayar da jariri da dare ga wankan jego safe da yamma da za ta ce ba ta gaji ba.

Wurin da PHQ-9 ya fi burge mu ba tantancewa ba ne, bibiya ce. Wanda likita ya riga ya tabbatar da ciwonsa aka fara masa magani, a cika masa fom a ranar farko, a maimaita duk bayan mako biyu zuwa huɗu, da fassara ɗaya, in da hali da ma'aikaci ɗaya. Canjin maki ɗaya ko biyu ba a gina shawara a kai, ɗan hawa da saukar ma'auni ne kawai. Saukar maki 5 zuwa sama ita ce ake ɗauka canji na gaske, raguwa da rabi alamar magani yana karɓa, ƙasa da 5 kuma an samu sauƙi. Idan an yi mako shida ana shan magani yadda aka rubuta makin bai motsa ba, a mayar da shi wurin likita a sake duba adadin ko a sake duba ciwon kansa. A rubuta makin da kwanan wata a cikin fayil, a ajiye takardar a can, kada a manna ta a katin da mara lafiya zai riƙa yawo da shi daga teburin rajista zuwa kantin magani.